Jan Famfon Firijin Inna

Ni mai gyaran firij ne, kuma ba na jin nauyin cewa na iya aikina. A shekarun da aka yanke Kebbi daga Sakkwato, in firizar mai kifi ta tsaya a Yelwa ba ya tambayar kowa hanya, rumfata yake nufa, can bakin kasuwa kusa da inda 'yan kabu-kabu ke tsayawa. Lokacin ne kayan gwanjo suka fara kwararowa daga Kwatano. Ma'aikaci ya sayi firij tun bai sayi gadon kirki ba, masu kifi kuma suka gano cewa ƙanƙara ta fi bandar kifi riba. Duk abin da suka saya, ƙarshensa a gabana yake ƙarewa, an juya masa baya zuwa hasken rana.

Ina da ƙa'ida a aiki. Ba na ɗaukar sukudireba sai na yi tambaya, na kasa kunne, na shinshina. Rabin cutar firij a bakin mai shi take, in ka iya tatsar sa. Mutum zai rantse maka da girman Allah bai taɓa komai ba, kana cire murfin baya ka tarar an ɗaure waya da ledar burodi. Irin waɗannan ba na raga musu, a nan take nake wanke su tas, kuma gobe su dawo.

Cikin duk injinan da suka bi ta hannuna, ɗaya ne har yau nake tunawa da ƙirjina, ba da kaina kaɗai ba.

Wani ɗan siririn firij ne fari, irin wanda ban taɓa gani ba kafinsa. Ƙasansa ɗan akwatin sanyi ne da bai wuce ya ci kwanon miya da 'yan lemo ba. Samansa famfo biyu ne, shuɗi na ruwan sanyi, ja na ruwan zafi, sannan a bisa kansa ana kifa wata babbar gorar roba cike da ruwa. Na mahaifiyar abokina ne, wani dillalin kifi da muka tashi tare tun muna wanka tsirara a bakin gulbi. Ni ma Inna nake ce mata, don tuwonta na ci ba kaɗan ba.

Asalinsu mutanen wani gungu ne ta wajen Wara, cikin tsibiran da ruwa ya shanye lokacin da aka tare gulbi a Kainji. Kaburburan iyayenta duk suna ƙarƙashin tafki. Mijinta masunci ne mai taurin kai da son a san ya yi abu, kuma kifi ne ya kai su Makka su biyu a shekara guda. A can ya ga wannan firij ya saya mata, saboda Inna tana da ciwon ƙirji, ba ta shan ruwan sanyi, kullum da asuba sai ta hura wuta kafin ta jiƙa maƙoshinta. Shi da kansa kuma ya bi layi ya ɗebo musu zamzam, jarkarsa da tata. Bayan sun gama aikin hajji zazzaɓi ya kwantar da shi, bai tashi ba, aka binne shi a can. Inna ta dawo Yelwa da firij, da jakar mijinta, da ruwan da ya ɗebo da hannunsa. Alhazan garin da suka dawo tare da ita tausayi ya kama su, kusan kowa ya ɗauko tasa jarkar ya kawo mata gaisuwa da ita.

Ni na haɗa mata firijin a ɗakinta. Da na ce a kawo ruwan randa mu cika gorar, sai ta ɗaga mini hannu, ta jawo jarkar mijinta ta tsiyaya da kanta. Daga ranar ta kafa doka a gidan. In gorar sama ta ƙare, ba mai taɓa famfo sai an cika wata an kifa, don kada ruwan da ke cikin injin ya taɓa yankewa. Tsofaffinmu haka suke yi da zamzam, suna ƙara masa ruwa tun bai ƙare ba, a kan cewa na farkon yana nan cikin na bayan. Ni ba malami ba ne, na kuma ji malamai suna ja-in-ja a kan haka, ban sa baki ba. Abin da na sani shi ne Inna kullum da asuba tana tara moɗa a jan famfo ta sha da ɗuminsa, kuma ta faɗa wa kowa, har ni, cewa ranar da ta mutu daga jan famfon nan za a ɗebi ruwa a zuba cikin ruwan wankanta. Ba ta da kabarin da za ta ziyarta, na iyayenta ko na mijinta. Wannan ruwan ne abin da ya rage mata.

Da zamzam ɗin jarkoki ya ƙare aka koma ruwan gulbi, wanda 'yan garuwa ke kawowa a zuba a randa a jefa alif ya kwanta. Na sha gaya mata injin nan yana son a zubar da ruwansa a wanke cikinsa ko da shekara-shekara ne. Kullum amsarta ɗaya.

“Tahi ka wanke na masu kihi, su ka wari. Nawa lahiya lau shike.”

Shekaru suka tafi a haka. Wata safiya bayan ɗaukewar damina ina zaune ina ɗura wa wata firiza gas, sai ga abokina a bayan kabu-kabu, hula a karkace, ko sallamar kirki bai yi ba.

“Tashi mu tahi. Jan famfon Inna ya ƙahe.”

“Tun yaushe?”

“An kwana biyu.”

“Kwana biyun gaske, ko irin naku na masu kihi?”

Sai da na matsa masa ya fito da zancen. Tun tsakiyar damina ruwan jan famfon ya fara sirancewa, ya koma ɗigo, ya tsaya cak. Inna ta hana a kira ni, don ta san abin da zan ce. Ta koma ɗiban na shuɗin famfo tana ɗumamawa a murhu. To sai aka yi haihuwa a danginsu a Wara, ta tafi suna. Matar abokina, mace mai tsabta da son a yaba mata, ta ga dama ta samu ta yi wa surukarta abin kirki. Ta sauke gorar, ta tsiyaye shuɗin famfo har ƙarshe, ta wanke kwanon saman injin da sabulu, ta goge shi ƙal, tana zaton datti ne ya toshe hanya. Jan famfo bai zubo ba. Inna ta dawo ta ji ƙamshin sabulu a moɗarta, ta tambaya, aka gaya mata.

“Ba ta yi hwaɗa ba,” in ji abokina. “Da ma ta yi. Tun rannan ba ta ƙara kallon inda yarinyar take ba, ko abincinta ba ta ci.”

Na ajiye abin da ke hannuna na yi masa bayani da cikakken ƙarfin gwiwa. Ruwan zafi ba a kwanon sama yake zama ba, yana da nasa tanki a ciki, rufaffe. In famfo ne ya toshe, to ruwan yana nan daram, sabulu bai kai gare shi ba. Na ga fuskarsa ta saki. Na zuba kayan aikina a jaka muka hau kabu-kabu biyu.

Mun tarar da Inna zaune a kan tabarma a gaban firijin. Ta tsufa ƙwarai a lokacin, idanunta sun yi yana, amma wajen ji ko ɓera bai fi ta ba. A gefenta ta ajiye sabon kwanon sha, wankakke, da faifai a kai. Matar abokina tana tsaye a bayan labule, ƙafafunta kawai nake gani. Na durƙusa na gaida Inna.

“Kai na, mai tona cikin ƙarhe?”

“Ni na, Inna.”

“To ji nan. Ba gyara nika so ba. Ruwana nika so. Ka hid da min shi cikin kwanon ga, ko ɗigo kak ka bari shi taɓa ƙasa. In ka gama, ka yi abin da kaka so da injin.”

“Ki kwantar da hankalinki, Inna, yanzun ga za ki gan shi.”

Na fara yadda na saba. Kunne tukuna. Kwamfireso yana gurnani a hankali, akwatin ƙasa da sanyinsa, ke nan wuta tana shiga, ba soket ba ne, ba fis ba ne. A gaban injin akwai 'yan fitilu biyu, koriya ta sanyi tana ci, ja ta zafi a mace. Na leƙa baya. Makunnin zafi a kunne yake. Na tambaya ko an taɓa kashe shi tun da famfon ya tsaya. Inna ta ce ita ta hana, don kada ruwan ya huce ya lalace. Maganar ba ta yi mini daɗi ba.

Na danna jan famfon na sa kunne a bakinsa. Ko shaƙuwa bai yi ba. Wani lokaci iska ce ke shiga ta tare hanya, sai ka ji famfo yana tari yana tofar da ɗigo. Wannan shiru ne kawai. Na kwance kan famfon na duba, bakinsa ya cushe da wani busasshen abu ja-ja, na sa siririyar waya na sosa, gari ya zubo a tafina.

Na zare filogi daga bango, na juya injin, na cire ragar baya. Kafin idona ya ga komai hancina ya riga ya ji ƙauri, tsohon ƙauri wanda ya kwana ya wuni. Tankin zafin yana nan a tsakiya, bai fi babban gwangwanin madarar gari ba, an naɗe shi da soso, soson kuwa ya gasu ya koma ruwan ƙasa. A jikin tankin akwai 'yan abubuwa biyu masu kamar maɓallin riga. Ɗaya shi ke kashe hita, ƙarfen da ke dafa ruwan, in ruwa ya yi zafi ya kuma kunna ta in ya huce. Ɗayan mai gadi ne, ba ya motsi sai zafi ya wuce hankali, sai ya yanke wuta gaba ɗaya ya turo ɗan tsinkensa waje. Tsinken a waje yake. Na ɗora mita a ƙafafun hitar, allura ko gezau. Hita ta ƙone.

Hita ba ta ƙonewa a cikin ruwa. Wannan kowane mai gyara ya sani. Na kai hannu na matsa tiyon da ke sauko da ruwa daga kwanon sama zuwa tankin. Ya kamata ya lotsa a yatsa, sai na ji shi ƙam kamar kara, laka ta cika shi ta daskare. Na bi ɗan bututun da tururi ke fita ta sama, bakinsa ya yi fari-fari da alamar abin da ya daɗe yana wucewa. Labarin ya haɗu a kaina ba tare da na so ba. Hanyar shigar ruwa ta toshe, sabo ba ya sauka. Hita kuma an bar ta a kunne dare da rana, tana dafa ɗan abin da ya rage, yana fita tururi kaɗan-kaɗan.

Na juya sukudireba na ƙwanƙwasa tankin da ƙotarta. Tanki mai ruwa amsarsa a dushe take. Wannan ya amsa mini ƙwal.

“Mi yac ce?” in ji Inna.

“Bari tukuna, Inna, ban gama tambayar shi ba.”

Na karɓi kwanon nata na tara a ƙarƙashin mazubar da ke gindin tankin, na kwance murfin. Ba komai. Na zura waya, gari ya zubo. Na kwance tankin gaba ɗaya na ɗaga shi, na ji da nauyi, har raina ya ɗan dawo. Da na girgiza shi sai na ji ƙarar tsakuwa.

Abokina ya taɓa kafaɗata ya ce in zo in ga wani abu a zaure. Muna fita ya rage murya.

“Babu, ko?”

“Babu. Ya ƙone ƙurmus.”

“To ji. Ba ta gani sosai. Ka ce za ka buɗe shi waje don haske, in ɗebo ma ruwa ga randa ka ɗura ciki, ka koma ka tsiyaya mata gabanta. Wa za shi sani? Tsohuwa ta samu natsuwa, matata ta hita cikin wanga hali.”

Ban zarge shi ba, tsakanin uwa da mata yake, kuma tausayi ne ya sa shi faɗa. Amma raina ya ɓaci. Na ce masa ni ban taɓa ɗaure waya da leda na ce wa mai kaya na gyara ba, ba kuma a kan Inna zan fara ba. Matar da ta shekara da shekaru tana shan ruwan nan da asuba, ita za a ba ruwan randa mai alif a ce mata shi ne? Ko ta yarda, da wane ido zan zauna a ƙofar gidan nan ranar da za a ɗauki wannan ruwan a kai ɗakin wankanta? Ya tsaya yana murza hularsa. Gaskiya ni ma tsoro nake ji, don ban san da bakin da zan gaya mata ba, ga shi ni na cika baki tun a rumfa.

Na koma na durƙusa a gabanta da tankin a hannuna.

“Inna, ruwa babu. Hanya ta toshe, wuta ta shanye wanda ke ciki.”

Ba ta motsa ba. Can ta lalubo kwanon ta mayar da faifan ta rufe shi, a hankali, yadda ake rufe abin da ke da abu a ciki. A bayan labule na ji matar abokina ta fashe da kuka tana toshe baki.

“To,” in ji Inna. “Allah ya yi. Ku hid da shi ɗakin ga, ban son ganin shi.”

Na taɓa ganin mutum ya yi asarar firiza cike da kifi a daren kasuwa, ban ga fuska irin ta Inna a ranar ba. Ba kuka, ba faɗa, kawai ta ƙanƙance a kan tabarmar. Na ji baƙin ciki ƙwarai.

Amma ni ba na barin inji a buɗe ban ga ƙarshen cutarsa ba, ko mai shi ya yafe. Nauyin tankin nan ya tsaya mini a rai. Na fita tsakar gida, na nemi tire na zauna a gindin bishiyar darbejiya, na kwance notunan da ke riƙe da hitar, na zaro ta da ƙyar. Ba ta fito a siffar hita ba. Ta fito dunƙule guda, ƙanzo ya lulluɓe ta, mai kauri, ja-ja.

Wannan ƙanzo na san shi farin sani. Duk ruwan da aka dafa sai ya bar wani abu a jikin ƙarfe, kuma kowane ruwa da irin nasa. Na gulbinmu ja ne mai laushi, kana murza shi ya koma laka. Na rijiyoyin Birnin Yauri toka-toka ne. In aka kawo mini butar lantarki daga Shanga, kafin mai ita ya buɗe baki na san ba a cikin gari ake amfani da ita ba. Kuma ƙanzo hawa-hawa yake kwanciya, na bana a kan na bara, na bara a kan na bariya.

Na sa bakin wuƙa na fara ɓamɓarewa, don kawai in ga inda hitar ta fashe. Ja ya ɓare, wani jan ya biyo, wani mai duhu, wani mai haske, damina da rani ke nan. Ina kaiwa kusa da ƙarfen sai wuƙar ta zame a kan wani abu mai tauri. Na hure garin. Can ƙasa, manne da jikin hitar, ga wani siririn ɓawo fari fat, mai ɗan sheƙi, bai fi kaurin ɓawon ƙwai ba. Duk tsawon aikina a ƙasar Yauri ban taɓa ganin ruwan da ya bar irinsa ba.

Na ajiye wuƙar na kira abokina.

“Da anka haɗa injin ga, har yaushe Inna tas sha zamzam tsantsa, ba gauraye?”

“Ai an daɗe. Ka manta jarkokin da alhazai sunka kawo? Ita ɗai ka sha, kuma ba ta bari a ɗiga mai komi ba sai da ta ƙarshe taƙ ƙare. Har anka yi girbi shina nan.”

Ban tsaya yi masa bayani ba. Na ɗauki tiren na koma ɗakin. Inna tana nan yadda na bar ta.

“Inna, kawo hannunki.”

“Na ce ku hid da shi.”

“An hid da. Kawo hannunki dai.”

Na ɗora yatsunta a kan jan ƙanzon, na ce wannan gulbi ne, duk shekarun da aka yi ana zuba shi. Na gangaro da yatsan zuwa inda na kankare, ta ji santsin wurin. Na gaya mata yadda ƙanzo ke kwanciya, na farko a ƙasa, na baya a bisansa. Na ce wannan farin da ke manne da ƙarfe, ruwan da ya fara shiga injin nan ne ya bar shi, kuma ita ta san wanda ya ɗebo wannan ruwan, ta san wanda ya tsiyaya shi. Na ce ban san hukuncinsa a wurin malamai ba, amma a wurin masu gyara, na rantse ba ruwan ƙasar nan ba ne ya haifi wannan.

“Kai dai da iya tsara magana,” in ji ta. “Ɓanɓaro min in ji.”

Na sa bakin wuƙa a hankali na ɗago ɗan ɓallin da bai kai farce ba, na sa mata a tafi. Ta yi bisimilla ta ɗora a harshe. Kukan bayan labule ya tsaya. Bakinta yana motsi kaɗan-kaɗan, ta daɗe a haka.

“Shi na,” ta ce. “Wanga ɗan gishiri-gishirin. Shi na.”

Sai hawaye suka zubo mata, tana kuma dariya a lokaci guda.

“Ashe shina nan ƙarƙashi shekarun ga duka, mu muna ta zuba mai laka bisa.”

Ni ma sai da na juya na yi kamar ina neman wani abu a jakata. Da na juyo, Inna ta goge fuska ta fuskanci labule.

“Ke. Zaka nan. Ɗauko min hwarin ƙyalle cikin adakata.”

Matar abokina ta shigo a rakuɓe, idanu jawur, ta kawo ƙyallen ta durƙusa. Na zauna na kankare farin nan duka, ban yi gaggawa ba, ina zuba shi a kan ƙyallen da ke shimfiɗe a tafukanta. Duka-duka bai fi cikin ƙaramin cokali ba. Inna ta laluba ta ƙulle bakin ƙyallen da kanta. Na zaci za ta cusa shi a ƙarƙashin matashinta, sai ta kamo hannun surukarta ta danƙa mata.

“Ke ad da tsabta gidan ga, kowa ya shaida, har injin ya shaida. Ke za ki aje shi. Ke kuma za ki sa min shi ga ruwa in ranar ta zo. Yanzu tashi ki ba ni abinci, yunwa nika ji.”

Gyaran da ya rage ba wani abu ba ne a wurina. Na jiƙa tankin a ruwan tsamiya ya kwana, na ɗauraye shi har ya yi ƙyalli, na canja tiyon da laka ta cika, na sa aka sayo mini sabuwar hita, na mayar da tsinken mai gadi wurinsa. Ranar da na haɗa, ban kunna wuta ba sai da na kifa gora na riƙe jan famfo a buɗe har ruwa ya zubo ba tari, alamar tanki ya cika iska ta fita. Na tara mutanen gidan na ja musu kunne, in famfon nan ya sake sirancewa, a kashe makunnin baya tukuna, sannan a aiko mini, ba sai an kwana biyun masu kifi ba. Inna ta ce ko za a ɗan jefa ƙwaya ɗaya daga ƙullin a cikin gorar. Na ce ba a injin da na gyara ba. Ta kira ni marar kunya, ta kuma sa aka zubo mini tuwo da miyar kifi.

Daga nan duk shekara nakan je in wanke shi, tana zaune tana yi mini tsiya cewa na fi mata son wanke-wanke. Ta ƙara wasu shekaru masu ɗan dama tana shan ruwan ɗuminta da asuba.

Ranar da ta rasu da hantsi ne. Muna zaune a tsakar gida ana jiran mata su shirya ta, wurin da na samu kuwa jikin tagar ɗakinta ne. Na ga matar abokina ta wuce da kwanon shan nan a hannu ɗaya, ɗan farin ƙulli a ɗayan, ta shiga ta saki labule. Ban ga sauran ba, ba hurumina ba ne. Na dai ji jan famfon yana zuba a cikin kwano, kuma bai yi tari ba ko sau ɗaya.